Barikin da aka koro kuratan Libiya a Ingila, da gaske filin jirgin yaƙi ne a da?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan Damagaram ne amma na yi zaman neman kuɗi a Sabha shekara huɗu, kuma ina can a 2014 lokacin da labari ya cika gari wai an kwashi samarin Libiya an kai su Ingila za a koya musu aikin soja, ba a jima ba kuma aka ce an koro su. Shekaranjiya muna hira a teburin mai shayi wani abokina ya ce ai wannan barikin asalinsa ba bariki ba ne, filin jirgin yaƙin Amurka ne tun zamanin Hitila. Na ce masa ƙarya ne, ta yaya filin jirgi zai koma bariki, kuma me ya kai Amurka da fili a cikin Ingila? Har mun sa shayin sati ɗaya, wanda ya faɗi shi zai biya. Don Allah Malam a warware mana.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ina amsawa. Toh kar ka yi saurin murna, shi ma abokin naka kar ya yi, domin kowannenku ya riƙe wani ɓangare ne ya saki wani.

Wurin da kuke gardama a kai sunansa Bassingbourn, a baki ana cewa Basinbon. Wani ƙauye ne a kudancin yankin Kambirij, kamar kilomita 18 daga birnin Kambirij ɗin kansa, kilomita 5 kuma daga wani ƙaramin gari Royston, a bakin wata tsohuwar hanya da tun Rumawa suka shata ta daga Landan zuwa arewa. Kuma eh, filin jirgin yaƙi ne kafin ya zama bariki, a nan kam abokinka ya yi gaskiya. Inda ya kauce shi ne da ya ce na Amurka ne. Turawan Ingila ne suka gina abinsu da kuɗinsu, Amurkawa aro aka ba su, kuma zaman da suka yi na yaƙin bai ma cika shekara uku ba, sai dai a wannan ɗan zaman ne wurin ya yi sunan da har yau ake tunawa da shi, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka nasu ne.

Bari mu faro daga tushe. Hitila ya hau mulki a 1933, kafin ka ce kwabo Jamus ta fara ƙera jiragen yaƙi ba ji ba gani, a 1935 ma suka fito fili suka ce ga rundunar sojan samansu. Hankalin Birtaniya ya tashi, don a lokacin manyansu sun yi imani cewa jirgin da ya ɗauko bam ba a iya tare shi, maganinsa kawai kai ma ka tanadi naka. Sai suka shiga gina sababbin filayen jirgi, akasari a gabashin ƙasar inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti kuma ta fi kusa da Jamus. Basinbon ɗaya ne daga cikinsu, kamfanin John Laing ya samu kwangilar, aka fara aiki a 1937 aka buɗe a watan Maris 1938.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe, domin shi ne amsar tambayarka ta yadda fili ke komawa bariki, ko da yake sai can gaba za ka ga amfaninsa. Filayen da aka gina kafin yaƙi ya ɓarke ba irin waɗanda aka gina a tsakiyar yaƙi ba ne. Na tsakiyar yaƙi aikin gaggawa ne, rumfunan kwano, bukkokin ƙarfe masu kama da rabin ganga, ga taɓo har gwiwa, an yi su ne don a ci yaƙi a watsar. Amma na kafin yaƙi irin su Basinbon an zauna an tsara su kamar za a shekara ɗari a ciki, ginin bulo mai kyau, ɗakunan kwanan soja masu bututun ɗumama ɗaki, mes ɗin hafsoshi kamar gidan wani basarake, gidajen ma'aurata, gadirum a bakin ƙofa, filin fareti, tituna da kwalta, ga manyan rumfunan ajiye jirgi guda huɗu kowacce tsawonta ya kai mita 90. Har wata hukumar kula da kyan gine-gine sai da aka sa ta duba zanen irin waɗannan filaye, don kar mutanen karkara su ce an ɓata musu ƙasa. Wato tun ran gini tun ran zane, bariki ne cikakke wanda aka liƙa masa wurin saukar jirgi a gefe.

Shi wurin saukar ma da farko ciyawa ce kawai. Kar ka yi mamaki, jiragen lokacin ba su da nauyi, ai ko jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 a filin sukuwa suka dira. Jiragen da aka fara kawowa Basinbon masu fiffike biyu ne sama da ƙasa, ana ce musu Hawker Hind, irin waɗanda matuƙi ke zaune kansa a waje iska na dukansa, ka ga da waɗannan ake shirin tarar Jamus, shi ya sa ba a daɗe ba aka canza su da Blenheim. Da yaƙi ya kankama sai wurin ya zama makaranta, daga 1940 nan ake haɗa matuƙi da mai duba hanya da mai harbi da mai rediyo a koya musu aiki tare a cikin jirgin Wellington kafin a tura su fagen daga. Jamusawa sun sha kawo musu hari da dare. Kuma da shugaban rundunar jiragen bam na Birtaniya Arthur Harris ya ƙudura sai ya tura jirgi dubu a dare ɗaya kan birnin Kolon na Jamus a ƙarshen watan Mayu 1942, jiragensa ba su kai ba, sai ya bi makarantu yana tattaro malamai da ɗalibai har na Basinbon, yaran da ba su gama koyo ba aka tura su. A tsakanin nan ne kuma aka zuba titunan kankare saboda jirage sun yi nauyi, ƙasar wurin kuma mai ruwa ce, damina ɗaya ta isa ta mayar da ita fadama.

Toh sai zuwan Amurkawa, kuma yadda suka shigo ɗin ma abin dariya ne. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamba 1941 Amurka ta shiga yaƙi, amma jirginta ba zai iya tasowa daga gida ya jefa bam a Jamus ya koma ba, dole sai da masauki kusa, Ingila kuwa ga ta nan kamar wani ƙaton jirgin ruwa da aka ɗaure a bakin Turai. Wannan shi ne abin da ya kai su, ba mallaka ba. Aka raba musu filaye da dama a gabashin Ingila. Wata runduna mai lamba 91, masu manyan jiragen B-17, aka ba su wani fili a Kimbolton, suka je suka tarar da titin ba zai ɗauki nauyin jiragensu ba ga laka ga bukkoki. Kwamandansu Kanar Stanley Wray aka ce ya je ya duba Basinbon ko zai yi, mutumin ya je ya ga ginin bulo da ɗakuna masu ɗumi da bayan gida na zamani, bai tsaya jiran takarda daga sama ba ya koma ya ce wa yaransa ku naɗe kaya, ranar 14 ga Oktoba 1942 suka tare. Kafin manya su farga an riga an baje, aka ƙyale su. Sauran rundunonin Amurka da ke fama da sanyi a bukkokin kwano suka riƙa yi musu ba'a wai su ba yaƙi suka zo ba, kulob ɗin masu kuɗi suka samu.

Amma fa daɗin a ƙasa ya tsaya. Tsarin da aka yi shi ne Ingilishi su kai hari da dare, Amurkawa da rana tsaka, don su a ganinsu jirginsu mai inji huɗu ne da bindigogi ta ko'ina, mutum 10 a ciki, idan suka jeru a sama kamar garken shanu ba mai iya shiga tsakaninsu, kuma da rana ne za ka ga masana'antar da kake son rusawa. A takarda abin ya yi kyau. A sama kuwa jiragen Jamus suka gano cewa ta goshi ake zuwar musu, ga kuma igwa daga ƙasa tana fashewa a tsakiyarsu, ga sanyin da ke daskarar da yatsu idan ka kuskura ka cire safar hannu, kuma a mafi yawan 1943 babu ƙananan jiragen rakiya da man su zai kai su can cikin Jamus su dawo, sai su raka su zuwa wani wuri su juya, daga nan kowa tasa ta fisshe shi. Ranar 17 ga Agusta 1943 da aka je garuruwan Schweinfurt da Regensburg na Jamus jirage 60 Amurka ta rasa a yini ɗaya, kuma 'yan Basinbon ne a gaban tawagar da ta nufi Schweinfurt ɗin. Sai da jirgin rakiya Mustang ya shigo sosai a 1944 sannan abin ya ɗan yi sauƙi, shi ma ba duka ba, don a watan Nuwamba na shekarar rundunar ta rasa jirage 13 a fita ɗaya kan matatar mai ta Merseburg.

Jimilla runduna ta 91 ta fita hari sau 340 daga Nuwamba 1942 zuwa Afrilu 1945, jirage 197 suka tafi ba su dawo ba, kuma babu wata rundunar jiragen bam ta Amurka a Ingila da ta kai ta asarar jirage. Ka lissafa da kanka, kowane jirgi da mutum 9 ko 10. Ba duka suka mutu ba, da yawa sun diro da lema an kama su fursunan yaƙi, amma ka yi tunanin yaro ɗan shekara 20 da ya karya kumallo da abokan ɗakinsa da asuba, da yamma ya dawo ya tarar ana tattara kayansu daga kan gado.

Saboda haka ne aka sa doka cewa wanda ya fita sau 25 ya gama nasa, a mayar da shi gida, kuma a farkon 1943 kaɗan ne ke kaiwa. Nan ne jirgin da ya fi kowane suna ya fito, Memphis Belle, wanda matuƙinsa Robert Morgan ya raɗa wa suna saboda budurwarsa 'yar garin Memphis. Ya cika 25 ɗinsa a watan Mayu 1943, Sarki George na shida da matarsa suka zo Basinbon da kansu suka gaisa da ma'aikatan jirgin, wani mai shirya fim William Wyler ya bi su har sama da kyamara, sannan aka mayar da jirgin Amurka yana zaga garuruwa ana tara kuɗin yaƙi. Ka ji inda sunan filin ya samo asali. Gaskiyar magana dai ba shi ne ya fara cika 25 ba, akwai wani jirgin na wata runduna da ya riga shi da 'yan kwanaki, amma wanda aka ɗauka a fim shi duniya ta sani, ko a lokacin ma farfaganda aikinta take yi. Jirgin yana nan har yau a gidan tarihin sojan saman Amurka da ke Dayton a jihar Ohio. A filin nan ɗin kuma akwai wani jirgin da ya fita sau 140 bai taɓa rasa mutum ko ɗaya ba, amma ba kowa ya san shi ba.

Wani abu da zan ɗan ratsa in faɗa, a daidai waɗannan shekarun filayen jirgin Kano da Maiduguri su ma cike suke da jiragen yaƙin Ingila da Amurka, ana haɗa su a Takoradi ta ƙasar Gana a bi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena ta yau, a ratsa Sudan har Masar. Yaƙi ɗaya ne, kakanninmu kuma suna can dajin Bama suna nasu.

Yaƙi ya ƙare, a tsakiyar 1945 Amurkawa suka tattara suka tafi, masu abu suka karɓi abinsu. Aka yi 'yan shekaru ana jigilar soja da kaya daga nan, jiragen wurin sun taimaka lokacin da Rasha ta toshe hanyoyin shiga Balin a 1948 aka koma kai abinci da gawayi ta sama. Lokacin yaƙin Koriya jiragen Amurka sun sake leƙowa na ɗan lokaci. Daga 1952 kuma wurin ya koma sana'arsa ta farko wato koyarwa, wannan karon a kan Canberra, jirgin bam na farko mai injin jet da Birtaniya ta ƙera, aka shekara 17 ana yaye matuƙa.

Toh yanzu mun iso gaɓar da ta ɗaure maka kai. Me ya sa aka bar tashi daga nan aka ba sojan ƙasa?

Abu na farko, filayen sun yi wa Birtaniya yawa. Ta fito daga yaƙi da ɗaruruwan filayen jirgi, aljihu kuma babu komai. Na kwano da laka ba a sha wahala ba, aka mayar wa manoma suka ci gaba da shuka alkama da kiwon kaji a kan titin. Na biyu, jirgin ya canza. Titi mai tsawon mita 1,800 da ya ishi B-17 bai ishi manyan jiragen da ke ɗaukar makamin nukiliya ba, su sai wajen mita 2,700, kuma ba kowane fili ne ke da sararin da za a ƙara masa ba, ga ƙauyuka ga hanyoyi sun kewaye shi. Sannan jirgi ɗaya na zamani yana ɓarnar da ɗari na da ba sa yi, toh me za ka yi da fili hamsin? A 1957 ministan tsaro Duncan Sandys ya fito da tsarin da ya ce makamai masu linzami ne gaba, a rage jirage, a kuma daina kwasar samari aikin soja na dole.

Na uku kuma shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye, daular ce take naɗewa. Gana ta samu 'yanci a 1957, Najeriya 1960, aka bar Aden a 1967, a 1968 gwamnati ta ce za ta janye sojojinta daga ƙasashen da ke gabas da mashigin ruwan Suez na Masar. Sojan ƙasa da a da yake warwatse a duniya ya fara dawowa gida, barikokinsa na gida kuwa da yawa tun zamanin Sarauniya Biktoriya aka gina su, a tsakiyar gari, a matse, ba wurin atisaye, ba wurin ajiye manyan motoci. Ga kuma sojan sama yana da gidaje na bulo masu ɗumi da yake neman kai da su. Ai ka ga tuwo ya samu miya. Rumfar da ke ɗaukar jirgi mai inji huɗu za ta ɗauki motoci da wurin motsa jiki da fareti ranar ruwan sama, fegin da jirgi ke sauka kuma ya zama wurin gudu da rarrafe da koyon harbi, shinge da gadirum dama suna nan. Ba sai an sayi gonar kowa ba, ba sai an yi rigimar diyya ba. Kuma ba Basinbon kaɗai ba, maƙwabtansa Waterbeach da Oakington duk haka aka yi da su, har a 2012 ma an yi wa Cottesmore da Kinloss irin wannan. Abin ya zama al'ada a can.

A ƙarshen watan Agusta 1969 sojan sama ya miƙa makullai, a farkon 1970 aka buɗe shi a matsayin dafo na horar da kurata na rundunar da ake kira ta Sarauniya, wadda ta haɗa rejimanti uku na sojan ƙafa na Ingila. Idan kana son misali na kusa, kamar dai dafon Zariya, a kawo yaro daga gida a aske masa kai a koya masa tsayuwa da tafiya da riƙe bindiga da jin magana, sai dai su ba su da kasuwar mami a bayan shinge. A 1993 aka faɗaɗa shi ya zama ɗaya daga cikin cibiyoyin horon farko na sojan ƙasa gaba ɗaya, aka ci gaba har 2012 da aka rage yawan soja aka rufe. Wani abin ban dariya a tsakani, fim ɗin yaƙin Biyetnam da Stanley Kubrick ya fitar a 1987, da yawa daga cikin wuraren da ake nuna saje yana zazzaga wa kurata masifa wai a sansanin sojan ruwan Amurka, a Basinbon aka ɗauka, a tsakiyar gonakin Ingila.

Sai maganar mutanenka na Libiya. Bayan an kashe Gaddafi a Oktoba 2011, kai da ka zauna Sabha ka fi ni sanin yadda ƙasar ta koma, kowane gari da katibarsa wato ƙungiyar 'yan bindigarsa, kowace ƙabila da rumbun makamanta, makaman da wasunsu suka gangaro har Mali da Nijar da tafkin Chadi. Gwamnati a Tarabulus suna ce kawai, firaminista Ali Zeidan kansa sai da 'yan bindiga suka ɗauke shi daga otal a Oktoba 2013 suka riƙe shi na 'yan sa'o'i. Ƙasashen da suka taimaka aka kayar da Gaddafi sai suka ce bari a gina wa Libiya sabon soja wanda ba na kowace katiba ba, aka amince da haka a taron manyan ƙasashe takwas na Yuni 2013, Birtaniya ta ɗauki alkawarin horar da har mutum 2,000, Italiya da Turkiyya su ma suka ɗauki nasu, Libiya ce za ta biya. Da aka duba ina za a sa su, ga Basinbon a rufe ba kowa, sai aka share shi.

Rukunin farko, mutum ɗari uku da 'yan kai, sun sauka a watan Yuni 2014, kwas na sati 24. Ka duba wannan watan da kyau. A watan Mayu Khalifa Haftar ya fara yaƙinsa a Bangazi, a Yuli aka fara gwabzawa a filin jirgin Tarabulus har aka ƙone shi, majalisa ta gudu Tobruk, ƙasa ta rabu gwamnati biyu. Wato yaran suna fareti a Ingila, gwamnatin da ta turo su tana rushewa a bayansu, kowa na riƙe da waya yana jin an kashe wane an ƙone unguwar su wane, kuma a ɗaki ɗaya akwai waɗanda 'yan'uwansu ke harbin juna a gida. Kusan kashi ɗaya cikin uku suka bar kwas ɗin tun kafin a gama. Ladabi ya lalace, ana tsallake shinge ana fita, mutanen ƙauyen suka yi ta kai ƙara. Sai a ƙarshen Oktoba wasu daga cikinsu suka shiga Kambirij da dare, wasu a kan kekunan da suka sata, suka yi aika-aika. Biyu kotu ta same su da laifin yi wa wani mutum fyaɗe ta ɗaure kowannensu shekara 12, wasu uku aka same su da laifin cin zarafin mata. A farkon Nuwamba gwamnati ta tsayar da shirin aka kwashe sauran aka mayar da su, daga kan rukunin farko ba a sake kawo ko mutum ɗaya ba. Toh ka ji korar da kuka ji labari a Sabha.

Laifin waɗanda suka yi ɓarnar nasu ne, ba mai wanke su, kuma sun ja wa sauran da ba su ji ba ba su gani ba. Amma ni a nawa ganin waɗanda suka tsara shirin su ma da nasu, kuma nasu ya fi ba ni mamaki don su ne masu ilimin abin. Wurin nan ya shekara sama da 40 yana mayar da yaran talakawan Ingila soja, sai aka ɗauka sirrin yana cikin ginin ne da sajen da filin faretin. Alhali kurtun Ingila yana jin maganar kofur ne saboda a bayan kofur akwai dokar soja da za ta hukunta shi, akwai albashi da ke shigowa duk wata, akwai bataliyar da ke jiransa idan ya gama, akwai fansho a can gaba. Ɗan Libiya a 2014 wanne ne yake da shi a ciki? Malaman da ke koya masa ba hafsoshinsa ba ne, ta bakin tafinta suke magana, tantance waɗanda aka ɗebo ma a ƙasar da ofisoshinta ba sa aiki sai dai a yi sha'ani, kuma ko ya gama da lambar yabo bai san wa zai je ya sara wa ba. Ko su Amurkawan 1943 da ake kashewa kamar fari, abin da ya sa suke komawa cikin jirgi washegari sun san ƙasar da ta aiko su tana nan, sun san adadin da za su cika a sallame su.

Bayan tafiyarsu wurin ya sake zama shiru na 'yan shekaru, sai a ƙarshen 2018 sojan ƙasa ya dawo ya mayar da shi inda ake ba sojojin Birtaniya horon ƙarshe kafin a tura su aiki ƙasashen waje. Don haka kalmar tsohon bariki ma ba ta cika dacewa da shi ba, tsohon filin jirgi dai kam ya tabbata, an fasa mafi yawan titunan, amma wasu daga cikin manyan rumfunan nan na 1938 suna tsaye, hasumiyar da ake ba jirage izinin tashi ita ma an yi shekaru da dama tana gidan tarihi, mazan jiya daga Amurka suna zuwa da jikokinsu suna nuna musu. A Madingley kusa da Kambirij kuma akwai maƙabartar sojan Amurka mai kaburbura sama da 3,800, da wani dogon bango da aka rubuta sunayen mutum sama da 5,000 da ba a ga gawarsu ba, da yawansu irin waɗannan yaran ne na jiragen bam.

Maganar shayi kuwa, shi ya ce filin jirgi ne kai ka ce ƙarya ne, nan ka faɗi warwas. Ya ce na Amurka ne, nan kuma shi ya zame, shekara 31 da wurin ya yi yana filin jirgi ko uku ba su cika a hannun runduna ta 91 ba. Ka biya na kwana biyar, ya biya na kwana biyu.